Mota mai ƙarfi don hawan yau da kullum a Tamanrasset: abin da ya kamata mai saye ya sani

A Tamanrasset, idan aka ce "mota mai ƙarfi" ba abu ɗaya ake nufi ba. Saurayin da ya taso yana kallon motocin arewacin Aljeriya, Golf yake nufi ko Seat Leon, ƙaramar mota mai sauƙin jiki da ke tashi da zarar an taka mata wuta. Ɗan kasuwar da ke da harka a In Guezzam ko a ƙauyukan Ahaggar kuwa Toyota yake nufi, wadda ke ɗaukar kaya ta haye dutse ba ta yi gardama ba. Hausawa mazauna garin, waɗanda asalinsu daga Agadas, Tawa, Damagaram, Maraɗi ko Kano yake, suna cikin ɓangarorin biyu. Ga da yawa daga cikinsu, 'yan kasuwar Assihar, teloli, makanikai da masu gasa naman da dukan garin ke kira "mainama", mota ita ce jari mafi girma da za su taɓa zubawa a abu guda. Kuskure wajen zaɓenta yana iya cinye tarin shekaru.

Adadin dokin da ke rubuce a takardar kamfani ba shi kaɗai ke nuna motar da za ta yi daɗin tuƙi a nan ba. Abu huɗu ne ke yanke hukunci: tudun da garin yake a kai, irin hanyar da motar za ta riƙa bi, samun kayan gyara, da takardu.

Garin da hanyoyinsa

Tamanrasset tana kan tudu, sama da mita 1,300 daga doron teku, a tsakiyar duwatsun Ahaggar. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wato hanyar ratsa Sahara, ita ce jijiyar garin. Daga nan zuwa birnin Aljiyas kusan kilomita 2,000 ne. In Salah tana arewa da nisan sama da kilomita 650, ta hanyar kwazazzabon Arak. In Guezzam tana kudu da nisan kimanin kilomita 400, daga can sai Assamaka a ƙasar Nijar, sai Arlit, sai Agadas.

Direban garin yana haɗuwa da hanya iri uku. Akwai kwaltar cikin gari, mai tudun rage gudu da ramuka, wadda yashi da tsakuwa ke rufewa a wurare idan ƙoramu suka kawo ruwa, galibi a watannin Agusta da Satumba. Akwai doguwar kwaltar bayan gari, wadda wani yankinta sumul yake, wani kuma manyan motoci sun farfasa shi. Sai hanyar ƙasa ta dutse da gargada, irin wadda ke hawa Assekrem, kimanin kilomita 80 daga gari, a tsayin sama da mita 2,700.

Wannan hanya ta daɗe da gwada motoci. Tseren Paris-Dakar na farko, wanda ya tashi ranar 26 ga Disamba 1978, ya bi ta In Salah da Tamanrasset ya gangara Agadas. Range Rover ce ta zo ta ɗaya a cikin motoci, amma abin da ya ba mutane mamaki shi ne ƙaramar Renault 4 ta 'yan'uwa biyu, Claude da Bernard Marreau, wadda ta kai Dakar a sahun gaba duk da ƙanƙantar injinta. A shekarun 1970 da 1980 kuma Turawa sun riƙa koro tsofaffin Peugeot 404 da 504 ta nan suna sayarwa a Arlit, Agadas da Yamai. Motocin ba su da gudun kirki. Rashin nauyi, sauƙin gyara da ƙafa mai jure gargada su suka fitar da su daga hamada.

Abin da "ƙarfi" yake nufi

Lambobi biyu kamfanoni ke bayarwa. Ta farko ƙarfin doki, wanda ke nuna yadda mota za ta iya kai wa babban gudu. Ta biyu ƙarfin ja, wanda ake aunawa da Nm, shi ne ke tayar da mota daga tsaye, ya hawar da ita tudu da kaya, ya fitar da ita daga yashi. A tuƙin kullum, inda ba kasafai ake wuce kilomita 100 a awa ba, ƙarfin ja ne direba ya fi ji a ƙafarsa.

Nauyi ma yana da nasa rabo. Golf 8 GTI ta 2020 tana da doki 245 a jikin da bai kai tan ɗaya da rabi ba, tana kai kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa 6 da 'yan kai. Toyota Hilux mai injin gazuwal na lita 2.8 tana da doki 204 da ƙarfin ja har Nm 500, amma nauyinta ya haura tan 2, don haka tana buƙatar daƙiƙa 10 ko fiye. A kwalta mai kyau Golf za ta bar ta a baya. A hawan Assekrem kuwa Golf ba za ta ma fara ba.

Sai batun tudu, wanda masu sayen mota daga arewa sukan manta. Iska tana raguwa yayin da ake hawa sama, inji kuma da iska yake ƙona mai. Injin da ba shi da turbo yana rasa kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 1,000. Motar da ke da doki 100 a bakin teku a Oran, idan ta iso Tamanrasset abin da ya rage mata bai wuce 87 ba, a Assekrem kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Turbo yana cusa wa inji iska da ƙarfi, shi ya sa asararsa ba ta kai haka ba. Wannan ne dalilin da ƙaramin inji mai turbo na lita 1.3 ko 1.5 yake iya fin tsohon inji na lita 2 kuzari a wannan gari. Ladan turbo kuwa shi ne baƙin mai mai kyau a kan lokaci da matatar iska mai tsabta. Idan aka yi sakaci da su, ƙura za ta cinye shi.

Rukunai uku na motoci

Rukuni na farko shi ne ƙananan motoci masu zafin nama. Uwarsu ita ce Golf GTI, wadda Volkswagen ya fara fitarwa a 1976 da doki 110. Golf 7 GTI ta 2013 ta zo da doki 220, Golf R kuma tana da 300 ko fiye, tana ja da ƙafa huɗu. A ƙasa da su akwai Seat Leon FR da Ibiza FR da Golf mai injin 1.4 ko 1.5 TSI na doki 150. Waɗannan motoci suna da yawa a Aljeriya, musamman saboda masana'antar haɗa motocin Volkswagen, Seat da Skoda da kamfanin Sovac ya buɗe a Relizane a 2017, wadda ta daina aiki a ƙarshen 2019. Suna da daɗin sitiyari da birki mai kyau, ba sa shan mai da yawa idan ba a matsa musu ba. Rauninsu a ƙasa yake. Tazarar cikin Golf da ƙasa kimanin santimita 14 ce, ta GTI kuma ba ta kai haka ba. Tudun rage gudu ɗaya da aka hau da gaggawa, ko dutsen da ruwa ya bari a kan hanya, ya isa ya fasa tukunyar baƙin mai da ke ƙarƙashin inji.

Rukuni na biyu shi ne na tsakiya, motoci masu ɗan tsayi amma ba manya ba. Dacia Duster mai injin 1.3 turbo tana da doki har 150 da tazarar kimanin santimita 21 daga ƙasa, akwai kuma mai ja da ƙafa huɗu. Suzuki Jimny tana da doki 102 kawai, amma rashin nauyinta da ƙaramar giyarta ta hawan dutse suna sa ta shiga inda manya ke shakka. Sai dai ba ta da wurin kaya, kuma doguwar tafiya a cikinta tana gajiyarwa. Sandero Stepway, wadda aka haɗa a masana'antar Renault ta Oued Tlelat kusa da Oran, ba ta cikin masu ƙarfi, amma tsayinta da arahar kayan gyaranta sun sa ta zama ma'aunin da ake gwada sauran da shi.

Rukuni na uku shi ne kat-kat na gaske. Toyota Land Cruiser samfurin 70, wanda ake ƙerawa tun 1984, shi ne sarkin wannan yanki daga Djanet har Agadas. Injinsa na gazuwal mai suna 1HZ, lita 4.2, doki 130 ne kacal ko kusa da haka, ba shi da turbo, amma kusan kowane makanike a Sahara ya san cikinsa. Mai injin fetur V6 na lita 4 ya haura doki 200, kuma shi ne masu son gudu a yashi suka fi so. Hilux ta fi shi daɗin zama a gari, sunanta kuma ya ƙara fitowa bayan Nasser Al-Attiyah ɗan Katar ya ci tseren Dakar da ita a 2019, 2022 da 2023, ko da yake motar tsere ba ta da alaƙa da ta kasuwa sai suna da siffa. Land Cruiser 300 ta 2021 tana da doki sama da 400, ga wanda aljihunsa ya kai. Abin lura game da akori-kurar samfurin 70, wadda a kudancin Aljeriya ake kira "Station", shi ne 'yan fasa-ƙwauri sun daɗe suna aiki da ita, don haka jami'an tsaro sun fi sa mata ido a shingaye. Mai ita ya shirya wa tambayoyi, takardunsa kuma su kasance a cike.

Taya

A jikin kowace taya akwai lambobin da ke faɗin ko ta dace da hanyar Ahaggar. Tayar GTI takan kasance 225/40 R18: faɗinta milimita 225, tsayin gefenta kashi 40 cikin 100 na faɗin, wato santimita 9. Ta Duster, 215/65 R16, gefenta santimita 14 ne. Ta Hilux, 265/65 R17, ya haura santimita 17. Wannan gefen shi ke shanye dukan rami. Idan gajere ne, dukan yana wucewa kai tsaye zuwa wili ya lanƙwasa shi ko ya tsaga tayar. Wanda ya nace wa ƙaramar mota mai zafi zai rage wa kansa asara idan ya sa mata wili na inci 16 ko 17, matuƙar birkinta ya ba da dama.

Akwai kuma lambobi huɗu da ke biye da haruffan DOT, masu nuna mako da shekarar da aka ƙera tayar: 2322 na nufin mako na 23 na 2022. Rana da zafin kwalta suna busar da roba ko da zanenta bai cinye ba, kuma a hanyar In Salah, inda zafi ke kusantar digiri 50 a lokacin bazara, tsohuwar taya ce ke fara fashewa. Motocin Turai da yawa yanzu ba sa zuwa da safaya, sai ɗan gwangwanin liƙi. A nan cikakkiyar safaya dole ce, biyu ma ga mai doguwar tafiya.

Mai da kayan gyara

Mai yana da araha a Aljeriya idan aka gwada da Nijar ko Nijeriya. A 2024 gidajen man Naftal suna sayar da litar fetur dinari 45.62, gazuwal 29.01, iskar gas ta mota da ake kira Sirghaz kuma dinari 9. Tun 2021 ƙasar ta daina sayar da fetur mai dalma, ita ce ta ƙarshe a duniya da ta yi haka. Wannan araha ce ke sa mutane ba sa jin tsoron babban inji. Matsalar a kudu ita ce nisa tsakanin gidajen mai da layin da akan tarar. Tankin Golf da na Duster lita 50 ne, na Hilux 80. Ɗaukar mai a jarkoki a yankunan iyaka kuma yana jawo binciken jandarma da duwan, saboda yaƙin da ake yi da fitar da man tallafi.

Sirghaz yana rage kuɗin mai sosai, amma yana da sharuɗɗa biyu. Injunan turbo na zamani irin TSI ba sa karɓar juyin cikin sauƙi kamar tsofaffin injuna, kuma tukunyar gas ɗin sau da yawa wurin safaya take cinyewa.

Injunan gazuwal na Turai na baya-bayan nan suna zuwa da matatar hayaƙi da ruwan AdBlue. Gajerun tafiye-tafiye na cikin gari suna toshe matatar, gyaranta kuma sai da na'ura. Giyar DSG mai canza kanta, wadda ke cikin Golf da Leon da yawa, tana da daɗi, amma mai jiƙaƙƙen kuloci tana buƙatar canjin mai duk kilomita 60,000, kuma idan ta lalace ba kowane gareji ke taɓa ta ba. Kafin a biya kuɗin mota, ya kamata mai saye ya zaga shagunan kayan gyara na garin ya tambayi abu uku na wannan samfurin: matatar iska, takalmin birki da abin shanye gargada. Idan an ce sai an aiko daga Aljiyas ko Ghardaïa, ya san motarsa za ta riƙa kwana a gareji. Kayan Toyota kuwa ana samunsu a ɓangarorin iyaka biyu, shi ya sa tsohuwar Hilux ba ta faɗuwa a kasuwa.

Doka da takardu

Aljeriya ta hana shigo da motocin hannu a 2005. An sake buɗe ƙofar da dokar zartarwa ta watan Fabrairu 2023, wadda ta ba mazaunin ƙasar damar shigo da motar da ba ta kai shekara 3 ba, sau ɗaya a cikin shekara 3. Motar tilas ta kasance mai fetur, ko mai lantarki, ko mai haɗin biyun. Gazuwal ba ya ciki, don haka Hilux mai gazuwal ba ta shigowa ta wannan hanya. Rangwamen kuɗin duwan kashi 80 cikin 100 ne ga mai lantarki, kashi 50 ga injin da bai wuce cc 1,800 ba, kashi 20 ga wanda ya wuce. Wannan iyaka tana da muhimmanci ga mai neman mota mai zafi: GTI tana da cc 1,984, ta faɗa ƙaramin rangwame, Golf ko Leon mai 1.5 TSI kuma tana da cc 1,498, ta samu rabi. Dokar kasafin kuɗin 2025 ta ƙara da cewa wanda ya sayar da irin wannan mota kafin wata 36 sai ya mayar da rangwamen, duka ko wani sashe, gwargwadon lokacin da ya wuce.

Dokin da ke rubuce a katin mota, wato carte grise, na haraji ne, ba na inji ba. Da shi da shekarun mota ake lissafin vignette ta shekara, kuma dokar 2025 ta ƙara kuɗin ga motoci masu doki 10 na haraji zuwa sama. A 2025 an yafe wa motar da ke aiki da Sirghaz vignette.

Ga baƙo, sa mota da sunansa yana buƙatar shaidar zama a ƙasar bisa doka. Wasu da ba su da ita sukan sa motar da sunan aboki ko maigida ɗan ƙasa. A gaban hukuma motar ta wanda sunansa ke kati ce. Idan ya rasu ta shiga gadon iyalinsa, idan aka yi saɓani kuma mai kuɗin ba shi da abin nunawa. Motar da ke da lambar Nijar ko Nijeriya tana shiga da takardar wucewa ta duwan mai wa'adi, ba a sayar da ita a cikin ƙasar, kuma inshorar katin CEDEAO ba ta aiki a Aljeriya, sai an yanki wata a iyaka. Ƙa'idojin tsallaka In Guezzam da Assamaka suna canzawa da yanayin tsaro da dangantakar ƙasashen, saboda haka a tambaya a ofishin duwan kafin a ɗaura niyya.

Duba motar hannu

Lambar motar Aljeriya tana ba da labari. Lambobi biyu na ƙarshe na wilaya ne, 11 Tamanrasset, 16 Aljiyas, 31 Oran. A cikin ukun tsakiya, ta farko nau'in mota ce, biyun da ke biye kuma shekarar fara hawanta: 118 na nufin motar hawa ta 2018. Farashin da ake gani a shafin Ouedkniss ko a kasuwar Tidjelabine ta arewa yana taimakawa wajen sanin inda ciniki zai tsaya.

Mota mai zafi da aka saya a hannu sau da yawa ta sha wuya wurin mai ita na farko. A gwada lambar shasi da ta kati harafi da harafi. A tayar da injin da sanyin safiya a duba launin hayaƙi. A ɗaga ta a leƙa ƙarƙashinta don ganin duka ko walda. A buɗe akwatin matatar iska: ƙura a bayan matatar alama ce injin ya riga ya sha yashi. A sa mata na'urar bincike, a kuma tambaya ko an taɓa kwamfutar injin don ƙara doki, domin ƙarin da aka yi a sanyin bakin teku yana iya ƙona turbo ko kuloci a zafin Arak. Araha ba ta ado, kuma GTI mai arahar da ta wuce misali tana da dalilinta.

Gudu

Iyakar gudu a Aljeriya kilomita 50 ce a gari, 100 a bayan gari, 120 a babbar hanya mai raba hannu, irin wadda babu ita a yankin. Sabon direba ba ya wuce 80. A 2022 da 2023 haɗuran hanya sun kashe sama da mutum 3,000 a kowace shekara a ƙasar. Ranar 19 ga Yuli 2023, a Outoul, kimanin kilomita 20 daga Tamanrasset, motar safa ta yi karo da wata akori-kura, wuta ta tashi, mutum 34 suka rasu. Ranar 31 ga Disamba 2020 wata mota ta kife kusa da In Amguel, mutum 20 suka mutu, yawancinsu 'yan ƙasashen kudu da Sahara.

Motar da ke gudun kilomita 160 a awa tana cin mita 44 a daƙiƙa ɗaya, kuma tazarar da birki ke buƙata ta ninka ta gudun 100 sau biyu da rabi. Raƙumi a kan kwalta da dare, tulin yashi bayan kwana, babbar mota da ta tsaya ba fitila, babu wanda ke ba da wannan tazara. Asibitin da zai karɓi mai mummunan rauni kuma yana iya kasancewa da nisan awoyi. Amfanin inji mai ƙarfi a hanya mai lamba 1 shi ne wuce tirela cikin ɗan lokaci a koma hannu. Kat-kat mai tsayi ta fi ƙaramar mota saurin kifewa idan aka karkatar da sitiyari da gudu, balle an lafta mata kaya a sama.

Wace mota ga wa

Hanya mafi sauƙi ita ce mutum ya ƙirga tafiye-tafiyensa goma na ƙarshe. Idan tara a cikin gari ne da kwalta, kuma yana da makaniken da ya san injin turbo, Golf ko Leon mai doki 150 da taya mai kauri za ta ba shi yawancin daɗin GTI da ƙaramin haraji da ƙaramar asara. Idan yana haɗa gari da ƙauye da ziyarar iyali, Duster mai turbo da ƙafa huɗu ta fi dacewa. Idan abincinsa yana kan hanyar In Guezzam ko hanyoyin dutse, Hilux ko Land Cruiser ce, ko da ta girmi sauran da shekara 10. GTI da Golf R suna da wurinsu ga wanda yake da wata motar ta aiki.

Kowace aka zaɓa, kada kuɗin su ƙare a ranar ciniki. A ware na taya huɗu da safaya, na canjin mai da matatu, na inshora da canjin suna, tun kafin a karɓi makulli.